Daga Sararin Samaniya Zuwa Rufin Shago: Yadda Fasahar Kumbo Ke Isowa Runjin Sambo

(Taken shiri, sannan a rage sauti)

 

Duk ranar da aka ce a labarai wata ƙasa ta harba tauraron ɗan'adam, ko an tura kumbo duniyar wata, ba ka rasa wanda zai kada baki a majalisa ya ce: "To mu ina ruwanmu? Wuta ba ta tsayawa, ruwan famfo sai an ga dama, sannan a ce mana sararin samaniya?" Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ta cancanci amsa. Amsar da za mu bayar yau a unguwar Runjin Sambo ta birnin Sakkwato za mu neme ta, a bakin shataletale, a rumfar mai cajin waya, a aljihun ɗan kabu-kabu, da kan rufin gidajen unguwa. Akwai kayan da muke taɓawa kullum waɗanda aikin sararin samaniya ne ya haife su ko ya raine su. Za mu ga yadda suka sauko, da hannun da suka bi, sannan mu tambayi kanmu: mu masu saye ne kawai, ko kuwa mun fara zama masu iyawa?

Bari mu fara da dalili. Wanda zai aika na'ura sama yana fama da matsaloli uku. Na farko nauyi, domin kowane kilo da roka za ta ɗaga kuɗi ne masu yawan gaske. Na biyu wuta, domin can babu turken lantarki, babu gidan mai. Na uku gyara, domin in abu ya lalace babu makanikin da za a kira. Saboda haka dole injiniya ya ƙera abu ƙarami, marar nauyi, mai cin wuta kaɗan, mai jure zafi da sanyi, wanda zai yi shekaru ba a taɓa shi ba. To ku duba da kyau, waɗannan su ne ainihin buƙatun mutumin da ke zaune inda wuta ba ta samuwa, kuɗi ba su da yawa, mai gyara kuma yana da nisa. Shi ya sa abin da aka ƙera domin sama yakan yi wa irin ƙasarmu daidai, wani lokaci fiye da yadda yake yi wa ƙasar da ta ƙera shi.

Babban misali shi ne farantin sola.

A shekarar 1954 wasu masana uku a ɗakin binciken kamfanin Bell da ke Amurka, Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson, suka fito da ɗan faifan silikon da ke mayar da hasken rana lantarki. Shi silikon daga yashi ake tace shi. Faifan nasu kashi 6 cikin ɗari kacal na hasken da ya sauka kansa yake iya mayarwa wuta, kuma tsadarsa ta sa babu mai hankalin da zai saye shi ya haska gida. Jaridu suka yi ta yayata shi, kasuwa kuwa ta juya masa baya.

Ana nan sai Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ranar 4 ga Oktoba, 1957. Da batir yake aiki, kuma cikin kimanin mako 3 batirin ya ƙare, ya yi shiru. Ranar 17 ga Maris, 1958, Amurka ta harba nata ɗan tauraron mai suna Vanguard 1, wanda nauyinsa bai kai kilo 2 ba. An sa masa na'urar aika saƙo guda biyu, ɗaya ta batir, ɗaya ta ƙananan faifan sola. Ta batir ta mutu cikin 'yan watanni. Ta sola kuwa ta ci gaba da aiko saƙo har shekarar 1964. Daga nan aka daina gardama. Kusan duk tauraron da aka harba bayan haka da hasken rana yake rayuwa. Masu aikin sararin samaniya ba su damu da tsadar faifan ba, domin ba su da wata mafita, kuma kuɗinsu ne ya riƙe masana'antar sola tsawon shekaru, har aka ƙware wajen ƙera ta.

Amma ku lura, ba daga kumbo farantin ya faɗo kan rufin Runjin Sambo ba. Ya bi hannaye da yawa. A farkon shekarun 1970 wani masani mai suna Elliot Berman, da tallafin kamfanin mai na Exxon, ya ce abin da za a yi amfani da shi a ƙasa ba ya buƙatar duk tsantsenin da ake yi wa na sama. Sai ya riƙa amfani da silikon da masana'antar kwamfuta ta ƙi, ya rage wasu matakan ƙawa, ya sauko da farashi daga kimanin dala 100 a kowane wat zuwa kimanin dala 20. Rikicin man fetur na 1973 ya sa gwamnatoci suka zuba kuɗi a bincike. Japan ta taimaka wa masu gidaje su sa sola a rufinsu. Jamus ta yi doka a shekarar 2000 da ta ba mai sola tabbacin za a sayi wutarsa da farashi mai kyau. Daga baya ƙasar Sin ta kafa manyan masana'antu, har yau ita ke ƙera fiye da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya. Yanzu wat guda bai kai rabin dala ba a bakin masana'anta. Wannan doguwar tafiya ce ta sa mai rumfar caji ya iya sayen abin da a da sai gwamnatin Amurka.

Kada kuma mu ɗauka yankinmu ɗan kallo ne a wannan tarihi. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa ta Jamhuriyar Nijar a 1929, masanin kimiyyar lissafi da makamashi ne da ya jagoranci hukumar binciken makamashin rana ta Nijar tun daga ƙarshen shekarun 1960, inda suka riƙa ƙera na'urorin dumama ruwa da na girki masu aiki da rana. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. A Mali, bayan babban farin shekarun 1970, an fara kafa famfunan ruwa masu aiki da sola a ƙauyuka. A nan gida kuma, tun farkon shekarun 1980 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Farfesa Abubakar Sani Sambo ya shugabance ta kafin daga baya ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Cibiyar ta yi aiki kan murhun rana, da na'urar busar da amfanin gona, da na tace ruwa, kuma ƙauyen Kwalkwalawa da ke maƙwabtaka da jami'a yana cikin wuraren da aka fara gwada haska ƙauye da sola a ƙasar nan. Wato ilimin nan ya daɗe a kusa da mu.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, mu ɗan tsaya a rumfar mai caji mu duba aikinsa. Ga faranti biyu ko uku a kan kwano. Waya ta sauko zuwa wata 'yar na'ura mai daidaita caji, daga nan zuwa batir, daga batir zuwa inbata, sannan ga dogon katako cike da soket, kowace waya an manna mata lamba don kada a yi musaya. Tsarin nan, faranti ya tara, batir ya ajiye, na'ura ta daidaita, shi ne tsarin wutar tauraron ɗan'adam. Shi ma tauraro yana shiga inuwar duniya, rana ta ɓace masa, ya koma kan batir har ya sake fitowa.

Akwai abubuwa huɗu da duk mai sola ya kamata ya sani, domin rashin saninsu yana cinye kuɗin mutane.

Na ɗaya, haske ne ke ba da wuta, zafi kuwa rage ta yake yi. Mutane da yawa suna cewa ai zafin Sakkwato alheri ne ga sola. Hasken Sakkwato ne alherin. Adadin wat da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a ma'aunin zafi 25. A watan Afrilu, lokacin da iskar gari ke haura 40, farantin da ke kan kwano yana iya kai 60, kuma a nan yakan yi asarar kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa. Maganin shi ne kada a manna shi da kwano, a ɗaga shi a bar tazara iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi.

Na biyu, fuskar faranti. Sakkwato tana kimanin digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka a shekara gaba ɗaya rana ta fi karkata ta kudu. A fuskantar da faranti kudu, a ɗan karkata shi kaɗan, yadda zai sha haske kuma ruwan sama ya riƙa wanke shi.

Na uku, ƙura da inuwa. Lokacin hunturu ƙurar da ke kwanciya a kan gilashi tana tare haske. A riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi. Inuwar reshen dogonyaro guda, ko ta tankin ruwa, in ta faɗa kan gefe ɗaya tana iya rage wutar farantin fiye da yadda ido zai zata, domin ƙananan faifan da ke ciki a jere aka haɗa su.

Na huɗu, batir. Batir mai ruwa ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf. In ana barinsa ya sauka ƙasa da rabi kullum, ba zai yi tsawon rai ba. In ruwansa ya ja baya, ruwan batir tatacce ake zubawa, ban da ruwan rijiya ko na leda.

Wanda ya san waɗannan, shi da wanda bai sani ba za su sayi kaya iri ɗaya a shago ɗaya, amma na wannan ya yi shekara da shekaru yana aiki, na wancan ya mutu kafin damina biyu.

Yanzu mu ciro waya daga aljihu. Kyamarar da ke bayanta tana da nata tarihin. A farkon shekarun 1990 hukumar NASA ta Amurka tana son ƙananan kumbo masu araha, amma kyamarorin lokacin suna da girma kuma suna cin wuta. Wani injiniya mai suna Eric Fossum da abokan aikinsa a ɗakin binciken JPL da ke Kalifoniya suka haɗa idon kyamara da kayan sarrafa hoton a kan ɗan guntun silikon guda, mai cin wuta kaɗan. A 1995 suka kafa kamfani domin kai fasahar kasuwa. Yau kusan duk kyamarar waya daga wannan tsatso take. Matar da ke ɗaukar hoton atamfa ko turaren wuta ta sa a WhatsApp don masu saye su gani, da wannan idon take ciniki.

Sai na'urar nuna wuri, wato GPS. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙire ta. An harba tauraronta na farko a 1978, tsarin ya kammala da taurari 24 a 1995, kuma a watan Mayu na shekarar 2000 aka cire dusashewar da ake yi wa saƙon farar hula da gangan. Taurarin suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar inda yake da lokacin da ya yi magana. Yadda take aiki kamar mutum ne a tsakiyar gari da asuba, ladanai huɗu na masallatai daban-daban suka ɗaga murya a daƙiƙa guda. Na kusa zai fara isowa kunnensa, na nesa ya biyo baya, kuma in ya san inda kowane masallaci yake, daga wannan ɗan jinkiri zai iya lissafa inda yake tsaye. Haka waya ke yi da saƙon taurari huɗu ko fiye. Ba ta aika musu komai, saurare kawai take yi. Yanzu Rasha da Turai da Sin kowa na da irin nasa tsarin, kuma wayoyi da yawa suna sauraren su gaba ɗaya. Da wannan mai awon fili ke kafa iyaka, direban babbar mota ke bin hanya, mai motar haya ke sanin inda motarsa take.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, in kun fara kama mu yanzu, muna magana ne kan yadda fasahar sararin samaniya ke shigowa sana'o'inmu na yau da kullum.

Mu leƙa gona. Kakanninmu sun san sama. Suna duban taurari, irin su Kaza da 'ya'yanta, suna duban iska da hadari, su san lokacin shuka. Abin da tauraron ɗan'adam ya ƙara shi ne gani daga bisa. An harba tauraron duba yanayi na farko da ya yi nasara, TIROS-1, a 1960. Turai ta harba Meteosat na farko a 1977, kuma jerin taurarin nan suna tsaye ne a saman Tekun Gini, a nisan kusan kilomita 36,000, inda gudunsu ya yi daidai da juyawar duniya. Daga can suna ɗaukar hoton Afirka baki ɗaya duk bayan minti 15 ko ƙasa da haka. Wannan tsayuwa wuri guda ita ce kuma dalilin da ya sa in mai haɗa dish ya saita maka shi sau ɗaya, ya ɗaure, ba ka sake juya shi. Hadarin da ya taso daga gabas, ana ganin haɗuwarsa da tafiyarsa sa'o'i kafin ya iso mana. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana haɗa irin waɗannan hotuna da awon tashoshinta na ƙasa, ta fitar da hasashen kullum, kuma a farkon kowace shekara ta fitar da hasashen damina: yaushe ake sa ran saukar ruwa, yaushe zai ɗauke, ina ake fargabar tsaikon ruwa a tsakiya. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan fari, tana bibiyar ruwan sama da ciyawar kiwo da fara. Hasashe dai hasashe ne, ruwa na Allah ne, amma manomin da ya ji an ce akwai yiwuwar ruwan farko ya yaudare shi, zai iya riƙe irinsa ya ɗan jira.

Mutanen Sakkwato ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, wadda ta cinye gonaki da gidaje a bakin kogin Rima, ta kuma yanke hanyar zuwa mazaunin jami'a na dindindin. A irin wannan hali hoton sama shi ke nuna iyakar inda ruwa ya kai, da garin da ya yanke, da hanyar da agaji zai bi. Abin da ya kamata ɗalibanmu su sani shi ne, da yawa daga cikin hotunan nan kyauta ne. Amurka ta buɗe taskar hotunan taurarin Landsat ga kowa tun 2008, taskar da ta faro daga 1972. Taurarin Sentinel-2 na Turai suna sake ɗaukar wuri guda kusan duk kwana 5, su ma kyauta. Mai kwamfuta da intanet a Runjin Sambo zai iya ganin yadda fadama ke canjawa daga shekara zuwa shekara, ko yawan filin da aka noma albasa da shinkafa a rani.

An riga an ga amfanin haka a harkar lafiya. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, daga wajen shekarar 2012 aka fara zana taswirar garuruwa da rugage na jihohin Arewa daga hotunan tauraron ɗan'adam, domin taswirar hannu tana tsallake ƙananan ƙauyuka. Aka kuma riƙa ba ma'aikatan rigakafi wayoyi masu GPS, a ga inda ƙafarsu ta taka da inda ba ta taka ba. Wannan na cikin abubuwan da suka taimaka, tare da ƙoƙarin sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya, har ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Akwai kuma wata fasaha da ba ta buƙatar ko sisi, domin tsari ce ta aiki. A shekarun 1960 NASA ta rasa yadda za ta tabbatar abincin 'yan sama jannati ba zai sa su ciwon ciki a cikin kumbo ba. In aka ce sai an gwada kowane ƙunshi bayan an gama, kusan duk abincin zai ƙare a gwaji. Sai ita da kamfanin abinci na Pillsbury da ɗakin binciken sojoji suka sauya dabara: a bi aikin daga farko zuwa ƙarshe, a gano wuraren da haɗari ke iya shiga, a tsare su, a riƙa rubuta abin da aka auna. Ana kiran tsarin HACCP, kuma yau shi ne ginshiƙin tsaftar abinci a masana'antun duniya. Mai kilishi zai iya bin sa gobe da safe. Ina naman ya fito, kuma awa nawa ya yi kafin a yanyana shi? A ina ake shanya shi, ƙuda da ƙura na samunsa? Da wane ruwa aka dama labu? Ya gasu sosai? Da me aka naɗe shi? Mai fura da nono, da mai zoɓo, da mai gidan ruwan leda, kowa na da irin waɗannan mashigai guda huɗu ko biyar. Wanda ke son kayansa su shiga manyan kantuna ko su tsallaka ƙasashen waje, wannan ce tambayar farko da za a yi masa.

A nan sai mu yi gyara kaɗan, don ana yawan jingina wa NASA abin da ba nata ba. Santsin da ake shafa wa tukunya don kada abinci ya kama, wato Teflon, an gano shi tun 1938, shekara 20 kafin a kafa NASA. Maɗaurin Velcro na takalmin yara wani injiniya ɗan Suwizalan ne ya ƙirƙira shi. Masu kumbo sun yi amfani da su ne kawai. Amma katifar nan mai lotsawa ta ɗauki siffar jiki, ita kam daga binciken kujerun jirgi na NASA ta fito a 1966.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, hanyar nan ba saukowa kawai ake yi a kanta ba, ana kuma hawa. Rigar da Neil Armstrong ya sa ya taka duniyar wata a 1969, wani kamfanin da aka sani da ɗinka kayan ciki na mata ne ya yi ta. Mata teloli ne suka zauna a kan keken ɗinki suka haɗa shimfiɗa 21 na yadi da roba, kuma kuskuren da aka yarda da shi a ɗinki bai kai milimita 1 ba. Har na'urar hoton ƙashi aka kawo a riƙa duba ko an manta allura a ciki. Manyan kamfanonin kayan yaƙi sun nemi aikin, amma hannun tela ne ya ci. A zamaninmu kuma, ɗan jirgi mai saukar ungulu da ya tashi a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilu, 2021, ƙwaƙwalwar da ke tuƙa shi irin ta wayar salula ce. An shirya zai tashi sau 5, ya tashi sau 72. Garin da dukawansa da majemansa suka sa fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai bai kamata ya raina aikin hannu ba. Abin da ya kai ɗinkin matan nan sama shi ne awo, da bin ƙa'ida, da rubuta kowane mataki.

To ina Najeriya? An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003, wanda wani kamfani a Surrey ta Ingila ya ƙera tare da horar da injiniyoyinmu. Tauraron sadarwa NigComSat-1 ya tashi daga Sin a 2007, ya daina aiki a 2008 saboda matsalar fukafukansa na sola, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disambar 2011. A watan Agusta na 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, kuma shi na biyun injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. A cikin duk wannan jeri, NigeriaSat-X shi ne ya fi kusa da abin da muke nufi, domin tauraro yana tsufa ya mutu, wanda ya koyi haɗa shi kuwa yana nan, yana iya koya wa wani.

Wannan shi ne ma'aunin. In kwantena ta sauke farantai a kasuwa, ciniki aka yi. Fasaha tana zama tamu ne ranar da aka samu yaron da zai lissafa wa mai shago yawan faranti da batirin da firjinsa ke buƙata, ya haɗa, in inbata ta ƙone ya buɗe ta ya gano abin da ya mutu ya canja. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ga kiranmu. Matasa masu gyaran waya da masu haɗa sola, kada ku tsaya a "haka na ga maigida yana yi". Ku sayi mita, ku koyi auna ƙarfin wuta, ku riƙe littafin da kuke rubuta kowane aiki da abin da ya lalace a cikinsa. Ɗalibai masu karatun labarin ƙasa da aikin gona da kwamfuta, ku sauke hotunan nan na kyauta ku yi aikin kammala karatunku kan fadamarku da unguwarku, sannan ku kai wa ƙungiyar manoma sakamakon da Hausa. Malaman jami'a da na kwalejojin fasaha, ku buɗe ƙofa ga masu sana'a, ko da kwas ne na mako biyu lokacin hutu. Hukumomi, in za a ba da kwangilar fitilun titi ko rijiyar burtsatse mai sola, a sa sharaɗin horar da 'yan unguwa da ajiye kayan gyara, domin kowa ya ga fitilun da suka mutu aka bar su tsaye don babu wanda aka koya wa canja batir. Iyaye kuma, yaron da ke kwance tsohuwar rediyo don ya ga abin da ke ciki, a ja masa kunne kan wutar lantarki, amma a nema masa wurin koyo, mace ce ko namiji.

Wanda ke da sola a gida, aikin wannan mako mai sauƙi ne: gobe da sassafe a hau a duba fuskar farantin, a goge ƙura, a sare reshen da ke yi masa inuwa, a duba ruwan batir, sannan a lura da bambancin caji zuwa azahar. Wanda ya gwada, ya aiko mana da abin da ya gani, tare da tambayoyinsa, za mu karanta su a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

  

(Taken rufe shiri)